Abin da Muka Ɗauka Kunyar Ɗan Fari Ce

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, matata ta haifi ɗanmu na fari a ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Kafur. Abokan karatuna na zaure sun sha jin guntun labarin nan a bakina. Yanzu da Allah ya nufe ni da koyon riƙe alƙalami da girmana, na ce bari in kawo shi gaba ɗaya, ko da baƙaƙen nawa za su fito kamar sawun kaji.

A al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, ta yi wankan jego a hannun uwarta. To, waccan shekarar mahara sun addabi hanyar yamma, ko fatake sai sun haɗa babban ayari kafin su bi ta. Iyayen matata kuwa can wajen Dandume suke. Dole ta zauna a gidanmu, a hannun mahaifiyata, ga shi farkon damina, kowa hankalinsa na gona.

Sai na ɗan faɗi wace ce mahaifiyata, don labarin ya zauna. Ni ma ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan," shi ne sunana a wurinta. In na shigo tana cikin mata, sai ta juya tana gyara abin da bai ɓaci ba. Ƙannena su hau cinyarta, ni kuwa in tsaya daga nesa. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Mace mai tarbiyya ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane.

Haihuwa ta zo lafiya, namiji. Kafin a sa masa nono, ungozoma ta yi abin da aka saba. Ta tatsi kaɗan a ƙoƙo, ta jefa tururuwa a ciki. In ta fito da ƙafarta, nono lafiyayye ne. Tamu ta yi ta wutsil-wutsil, sannan ta daina motsi. Ungozoma ta taɓe baki ta ce, "Nonon nan da saura. Sai an gyara." Aka riƙa ba jariri ruwa da madarar akuya, ana ba matata jiƙe-jiƙe, ana wanke mata ƙirji da sassaƙe. Kafin ranar suna aka sake gwadawa, tururuwa ta fito, aka yi guɗa, aka ce nono ya gyaru. Kowa ya manta da tururuwar farko, ban da mutum ɗaya.

Bayan suna gida ya koma yadda yake. Safe da yamma ana dafa ruwa a babbar tukunya, ana yi wa mai jego wanka da ganyen runhu, a dama mata kunun kanwa, a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta. Maƙwabtanmu Maguzawa sun kawo mana itace har ya yi tsibi a bayan rumbu. Ni kuwa, namiji kuma uban ɗan fari, iyakata bakin ƙofa. In yi sallama, in ce, "Ya jiki? Ya ruwan zafi?" Ta ce, "Da godiya." In wuce gona.

Sai yabo ya fara shigowa. Duk matar da ta zo barka ta fita tana cewa, "Kai, kun yi dacen suruka! Ko kallon yaron ba ta yi. A miƙa mata shi, sai ta kau da kai." Wata ta ce, "Ba irin 'yan yanzu ba, da za su rungume ɗan fari kamar sun tsinci zinariya." Mahaifiyata tana jin daɗi, ni ma kaina yana ta kumbura kamar ni na yi mata tarbiyyar. Ba ta cin abinci sosai, muka ce kunya. Ba ta magana, muka ce kunya. Ta daina dariya, ita da a da in tana daka har waƙa take yi da tafi, muka ce ai ta zama uwa, ta natsu.

Yaron ne ya fara ba ni tsoro. Matar abokina, wanda gonarsa ke jikin tawa, ta riga matata haihuwa da 'yan kwanaki. Wata rana na je gidansu aron gatari, na ga 'yar tasu a hannun kakarta. In an motsa fuska sai ta bi ta da ido. Aka buga taɓarya a turmi, ta zabura. Kumatu kamar an hura. Da na dawo gida, na tarar mahaifiyata ta fito da namu shan iska. Na saci kallonsa. Wuyansa duk tattara, maɗigarsa ta ɗan faɗa, an shafa mata wani haɗi. Idonsa a buɗe, amma ba ya neman kowa da shi. Kukansa ma siriri ne kamar na ɗan kyanwa.

Na ce, "Inna, yaron nan yana ƙoshi kuwa?"

Ba ta dube ni ba ta ce, "Ji mini mutum. Yaushe ka fara shayarwa? Je ka ji da ciyawar da ta cinye maka dawa."

Na tafi. Amma abin ya tsaya mini kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Ana gab da cika arba'in, wata rana da hantsi ina tsakiyar noma sai ƙotar fartanyata ta karye. Na dawo gida ɗaukar wata. Gidan shiru. Mahaifiyata ta tafi gaisuwar rasuwa a unguwar gaba, sauran duk suna gona. Ina zagawa bayan ɗakin matata inda nake ajiye kayan aiki, sai na ji siririn kukan nan. Akwai wata 'yar kafa a jikin zanar da ta kare ƙofarta. Na leƙa.

Yaron yana kwance kan tabarma, yana ta juya baki yana neman abin tsotsa. Ita kuwa tana zaune a ɗaya gefen, ta ba shi baya, fuskarta a bango. Gaban zanenta ya jiƙe da nono. Hannayenta biyu ta toshe kunnuwanta da su, tana jijjiga jiki gaba da baya. Babu kowa a gidan. Babu idon da za ta ji wa kunya.

Na yi sallama na shiga, abin da ban yi ba tun ranar haihuwa.

Na ce, "Ke, ba kya jin yaron?"

Ta ɗago. Wallahi da a kasuwa na gan ta da ban gane ta ba. Idanu sun zurma, leɓe ya bushe.

Ta ce, "Maigida, ka ɗauke shi. Ka kai wa mai nono mai kyau."

"Wane irin zance ne wannan? Ai an gyara."

"Ba a gyara ba. Na gan ta da idona, ta mutu a cikin ƙoƙon. Ta biyun sa'a ta yi. Duk sanda aka sa mini shi a gaban mutane, ina ba shi ina ƙirga numfashinsa. In sun fita sai in cire. Kaɗan-kaɗan nake ba shi don kada ya yi masa yawa."

"To, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kowa ya shigo sai ya ce madalla da ni." Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Ba na jin komai in na dube shi, Maigida. Ko so, ko ƙi. Kamar an kwashe mini ciki an bar ɓawo. Wace irin uwa ce wannan? Jiya da na je kewaye na tsaya bakin rijiya. Na ce a raina da babu ni, da tuni an ba shi wata ya huta."

Na durƙusa a gabanta. Ban iya lallashi ba, ban taɓa koya ba. Abin da ya zo bakina kawai shi ne, "Kada ki sake zuwa wajen rijiyar nan. Kin ji ko? Ruwa ni zan ɗebo." Na ɗauki yaron, karo na farko a rayuwata, ba shi da nauyin damin kara. Na ruga da shi gidan abokina, na roƙi matarsa ta ba shi nono. Ya kama kamar zai haɗiye ta. Ta dube ni ta ce, "Yaron nan yunwa ce ke cinsa, ba wata cuta ba." Na dawo na jawo itacen jego na rufe bakin rijiya, na ɗora dutse, na zauna a ƙofar ɗakin ina jiran mahaifiyata.

A zaman jiran nan ne na yi wata dabara da har yau abokina yake yi mini dariya a kanta. Bafilatana mai tallar nono ta shigo, na karɓi madara a ƙoƙo, na tsuguna bakin ramin tururuwa ina kamawa ina jefawa. Wasu su fito, wasu su nutse. Abokina ya biyo ni da yaron a kafaɗa ya same ni a haka.

Ya ce, "Innalillahi! Mun zo duba mai jego, ashe maigidan ne ya taɓu. Miya za ka yi da su?"

Ban kula shi ba. Na shiga wurin matata da ƙoƙon, na ce, "Duba! Madarar saniya ce, wadda duk gari ke sha. Ga su nan sun mutu a ciki. Tururuwa ba ta iya iyo ba, shi ke nan!"

Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni, ta ce, "To." Ta mayar da fuska bango. Nan na gane ciwon nan ba a fitar da shi da hujja, kamar yadda ba a kore zazzaɓi da gardama.

Mahaifiyata ta dawo bayan azahar. Ta ga rijiya a rufe, ta gan ni zaune a inda bai kamata ba, jikanta a cinyata. Ta ɗaure fuska.

"Kai wannan, ka rasa kunya ne? Me za a ce a gari?"

Na gaya mata duk abin da na gani da abin da na ji. Ta saurara tana kallon gefe. Da na gama ta ce, "Yarinta ce da kewar gida. Kunya ce ta yi mata yawa. Ni ma haka na yi da kai, ga ka nan ka girma har kana rufe wa mutane rijiya."

Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da aka haife ni. Ranar bakina ya suɓuce. Na ce, "Inna, don Allah ki gafarce ni, tambaya ɗaya zan yi. Lokacin da nake kamar wannan, in gida ya watse, ba kowa sai ni da ke, bango kike kallo?"

Kaza ta zo ta wuce ta tsakaninmu. Na ga hannunta yana murza bakin mayafinta. Na ce a raina yau na jawo wa kaina baki.

Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Bayan rumbun can nake kai ka. In kakarka ta tafi rafi. In kwance ka daga goyo, in yi ta shinshinar kanka, in ƙirga 'yan yatsunka, in sa fuskata a taka har ka kama mini hanci." Ta saki bakin mayafin. "Kowace mace haka take yi. Kunya ta idon mutane ce. Wadda ba ta yi a ɓoye ba, to ba kunya ke damunta ba."

Ta miƙo hannu ta karɓi yaron, ta ce, "Tsaya a zaure. Ko wace ce ta zo, ka ce mai jego ta yi barci." Ban je zaure ba. Na koma wajen kafar zanar nan.

Ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da matata, abin da suruka ba ta yi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta ce, "Ɗiyata, mun bar ki ke kaɗai a tsakiyar mutane. Ba ke ce ta farko da haihuwa ta jefa a wannan rami ba. Ƙanwar uwata ta yi irinsa, ta kuma fita." Yaron ya fara ƙananan kuka. Ta jijjiga shi, bai yi shiru ba. Ta ce masa, "Kai, angon banza, ni za ka yi wa tsiya? Na ga alama ba ni kake so ba." Sai ta jawo ɗankwalinta ta ajiye a gefen kumatunsa na dama, ta ɗauko zanen matata mai jiƙe da nono ta ajiye a na hagu.

"Juyo ki gani. Ba na ce ki taɓa shi ba. Ki duba kawai."

Matata ta juyo da ƙyar. Yaron ya yi ɗan jim, hancinsa yana motsi. A hankali ya karkata kai wajen zanen, ya buɗe baki yana laluba, kukan ya tsaya.

Mahaifiyata ta sauya musu wuri, zane dama, ɗankwali hagu. Ya sake bin zanen.

Ta ce, "Kin gani? Ya ƙi ni, tsohuwar matarsa. Yanzu yi masa magana."

"Me zan ce masa, Inna?"

"Ko zaginsa ki yi. Muryar yake so."

Matata ta buɗe baki, da ƙyar sauti ya fito. Ta ce, "Kai... kai ɗan nan." Wallahi ina kallo, yaron da na ɗauka ba ya neman kowa ya tsaya cak. Ya juya ido yana nema, har ya sauke su a fuskarta, ya tsaya a nan.

Mahaifiyata ta ce, "Tun yana ciki yake jin muryar nan. Tururuwa ba ta san ki ba, ɗiyata. Wannan ya san ki. Shi za ki tambaya ko nononki na da kyau."

Sai matata ta fashe da kuka, irin kukan da ake jin sa har ƙofar gida. Mahaifiyata ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗora mata yaron a ƙirji, fata da fata, ta rufa musu zane. Ya kama. Na ga hannun matata ya tashi zai cire shi, mahaifiyata ta riƙe hannun ta ce, "Bar shi. Ina nan. In wani abu ya same shi, a wuyana." Ya sha har ya saki da kansa, ya yi barci da baki a buɗe.

Don kada shiru ya yi yawa, mahaifiyata ta fara wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ta ɗan tsakon da ya ɓace a cikin gero uwarsa tana kira. Na kasa kunne. Karin waƙar nan shi nake yi da hanci in ina noma, tun ina yaro, har abokina yana ce mini mai waƙa ɗaya. Na sha tambayar kaina inda na samo shi. Kafin ranar ban taɓa jin mahaifiyata ta yi waƙa ba, a iya sanina. Ashe kunnena ya riƙe abin da wayona bai kai ba.

Kada wanda ya karanta ya ɗauka a ranar aka warke. Ba haka ba ne. Akwai ranakun da ta koma kallon bango, akwai ranar da ta ce a sake kawo tururuwa. Mahaifiyata ta kwaso tabarmarta ta tare a ɗakin. Ta rage zafin ruwan wanka, ta hana masu zuwa barka su yi ta yabon kunya, ta riƙa sa ta cin abinci a gabanta, ta karɓi yaron don ta samu barci. Malamin unguwa ya yi mata addu'a da rubutu. Matar abokina ta ci gaba da taimaka wa yaron da nono har na uwarsa ya wadata, abokina yana ta mita wai na ɓata masa shiri, da ya so ya ba ɗana 'yarsa, yanzu sun zama 'yan'uwan shan nono. Ni kuma na ajiye tawa kunyar. Kullum in na dawo gona sai na zauna a ɗakin mun yi hira, ko da ni kaɗai ke magana. Rijiya ba a buɗe ta sai ina tsaye, har dawa ta fitar da kai. Da hanya ta yi sauƙi na aika ta hannun fatake, yayarta ta zo ta yi mana kwanaki.

Wata safiya ana shirin girbi, ina wasa lauje a tsakar gida, na ji dariya daga bayan rumbu. Dariyar da na manta kalarta. Na leƙa. Ta kwance shi daga goyo, ta sa fuskarta a tasa, yana wangale baki yana kama mata hanci. Na ja da baya a hankali, na koma kan laujena. A ranar na ɗauke dutsen daga bakin rijiya.

Yaron nan yanzu magidanci ne, ya fi ni tsawo da faɗin kafaɗa. Har yau uwarsa ba ta faɗin sunansa, in ya shigo cikin mata sai ta juya tana gyara abin da bai ɓaci ba. Ban ga laifin al'adar ba, da ita aka raine mu. Abin da na koya shi ne, shiru iri biyu ne, kuma daga bakin ƙofa kamarsu ɗaya. Mun tsaya muna yaba wa mace tana nutsewa, don nutsewar tata ta yi kama da ladabi. Har yanzu in na tuna cewa da ƙotar nan ba ta karye ba da sai yamma zan dawo, sai in ji jikina ya yi sanyi.

Bara matar ɗan namu ta yi haihuwar fari a gidanmu, don yanzu ba kowa ke komawa gidan iyaye ba. Mata suka cika ɗaki suna cewa madalla da kunyarta. Matata ta bari suka watse, ta kore mu duka zuwa gona, ta ce ita ma za ta shiga maƙwabta. Da na waiwayo daga zaure, sai na hango ta tsaye a jikin zana, ta sa ido a kafa. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo tana share ido da bakin mayafi, ta gan ni, ta ce, "Me ka tsaya kallo? Tafi gonarka. Tana can tana ƙirga masa yatsu."